RUWA BA YA TSAMI BANZA

Darasi domin ƙungiyoyin manoma a kan ƙwayoyin da ke cikin ruwan dam da kududdufi

Darasinmu na wannan wata a kan ruwa ne. Muna roƙon shugaban kowace ƙungiya ya sa a karanta shi da ƙarfi a wurin taro, sannu a hankali, domin waɗanda ba su yi karatu ba su ma su ji. Bayan haka a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

A wani taro da muka yi a ƙasar Rimin Gado mun ajiye kwalabe biyu a kan benci. Ɗaya mun cika ta da ruwan kududdufin kifi, kore shar. Ɗayar kuwa ruwan wata rijiya ce marar murfi, garau da shi. Muka tambaya, "Wanne ne mai kyau?" Kusan kowa ya nuna na rijiya. Sai wani dattijo wanda ya daɗe yana su ya ce, "Malam, mai kyau ga wa? In ga kifi ne, koren ya fi." Gaskiyarsa kuwa. Mu kuma muka ƙara da cewa, in ga mutum ne, ido ba ya iya yanke hukunci a kan ko ɗaya daga cikinsu. Awon ruwan kifi dabam, awon ruwan sha dabam. Abin da muke so mu koya ke nan.

Iyayenmu sun san rijiya da rafi da kududdufin damina. Tun daga zamanin Gwamna Audu Bako aka shiga gina madatsun ruwa a Jihar Kano. An gama na Tiga a 1974, na Challawa da ke Ƙaraye a 1992, ga na Watari a Bagwai, ga kuma ƙananan irin namu na Rimin Gado. Yanzu muna da ruwa kwance shekara zagaye. Da shi muke noman rani, a nan shanu suke sha, a nan ake wanki da su, waɗansu gidaje ma daga nan suke ɗiban na sha. Ya kamata mu san abin da ke zaune a ciki.

1. MAZAUNA CIKIN RUWA

Ban da kifi da kwaɗi, akwai ƙananan halittu masu yawan gaske waɗanda ba su da ƙarfin iyo, sai inda ruwa ya kai su. Masana suna kiransu filankiton. A nan za mu kira su 'yan shawagi. Kashi uku ne.

Na fari, masu kama da tsiro, wato dangin gansakuka. Su ne suke sa ruwa ya yi kore. Da hasken rana suke yin abincinsu kamar yadda dawa da gero suke yi.

Na biyu, masu kama da dabba, kamar ƙumar ruwa. In kun ɗaga kwalbar ruwan kududdufi wajen haske, za ku ga waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo suna tsalle. Su ne.

Na uku, bakteriya, su ne mafi ƙanƙanta, su ne kuma mafi yawa. In an jera dubu ɗaya, da ƙyar su kai tsawon milimita ɗaya a kan rula. A ruwan tafki na yau da kullum akan sami wajen miliyan ɗaya a cikin mililita ɗaya, wato ɗigo 20 na ruwa. Cokalin shayi guda yana ɗaukar mililita 5, ku yi lissafi da kanku.

Kada wannan ya tsorata mu. A asibiti mun saba jin ana ce musu ƙwayoyin cuta, amma yawancin na cikin tafki ba sa cutar kowa. Aikinsu irin aikin da ake yi ne a ramin takin gargajiya. Su ne suke ruɓar da ganye da kashin shanu da matacciyar gansakuka, su mai da su taki a cikin ruwa. Ƙananan halittu su cinye su, ƙumar ruwa ta cinye waɗannan, 'ya'yan kifi su cinye ƙumar ruwa. In babu su, babu karfasa a kasko.

Wanda ya fara ganin waɗannan abubuwa wani mai sayar da yadi ne a ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Shi ya gyara wa kansa madubin ƙara girman abu. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki kusa da garinsu ya duba, sai ya ga abubuwa masu rai suna kai da kawowa. A 1676 ya rubuta labarin waɗansu da suka fi waɗannan ƙanƙanta ƙwarai, su ne bakteriya.

2. YADDA AKE ƘIRGA SU

Hanya ta fari ita ce shuka. Kowane manomi ya san gwajin iri: a jera ƙwaya ɗari a kan jiƙaƙƙen buhu, bayan 'yan kwanaki a ƙirga waɗanda suka tsiro. Haka ake yi a ɗakin gwaji. Akan zuba wani abinci mai daskarewa kamar kafaffen kunu a cikin ɗan faranti mai murfi, a sa ɗan ruwan da ake so a gwada, a ajiye a wuri mai ɗumi. Ƙwaya ɗaya takan rabu biyu, biyu su zama huɗu. Waɗansu iri, in sun sami abinci da ɗumi, kowane minti 20 suke rabuwa. Kafin kwana ɗaya ko biyu, inda ƙwaya ɗaya ta faɗa ya zama tabo wanda ido yake gani. Sai a ƙirga tabo. Likitan Jamus Robert Koch da abokan aikinsa ne suka kafa wannan hanya. Farantin ma sunan ɗaya daga cikinsu yake ɗauke da shi, wato Petri, wanda ya fito da shi a 1887.

In ƙwayoyin sun yi yawa sai a sirka. Ga misali. A ɗebi mililita 1 na ruwan dam a zuba cikin mililita 99 na ruwan da aka kashe duk abin da ke cikinsa. A girgiza, a ɗebi mililita 1 daga wannan a shuka. In tabo 45 suka fito, sai a riɓa sau 100. Amsa ita ce 4,500 a kowane mililita na ruwan dam.

Amma wannan hanya tana da iyaka. In mutum ya watsa gero a tsakar gida domin ya ƙirga dabbobinsa, kaji da tattabaru za su zo, kyanwa da kare ba za su kula ba. Haka nan yawancin bakteriyar tafki ba sa cin abincin faranti. Sau da yawa waɗanda suke tsirowa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Saboda haka aka nemo hanya ta biyu, wato ƙirga da ido a ƙarƙashin madubi. Akan tace ruwa kaɗan ta wata matata mai ramuka ƙanana ƙwarai, har bakteriya ba sa iya wucewa. A zuba musu wani rini wanda yake sa su ƙyalli in an haska musu fitila ta musamman. Sa'an nan a ƙirga na ɗan wuri kaɗan, a riɓa, kamar yadda muke ƙirga shukar kunya biyar mu kimanta ta gona duka. Tun wajen 1977 wannan hanya ta bazu, ita ce kuwa ta nuna yawan nan na miliyan ɗaya da muka ambata.

3. YADDA AKE GANE IRINSU

Sanin yawa bai isa ba, sai an san iri. Masana sukan duba abu huɗu.

Siffa. Waɗansu kamar ƙwallo, waɗansu kamar guntun sanda, waɗansu a murɗe. Ƙwayar kwalara a lanƙwashe take kamar waƙafi.

Rini. A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Gram ya gano cewa in an rina bakteriya aka wanke, waɗansu sukan riƙe shuɗin rini, waɗansu su sake shi. Har yau da wannan ake raba su gida biyu.

Abinci da zafi. Kowane iri yana da abin da yake ci da zafin da yake jurewa. In an ba da abincin da iri ɗaya yake so, a zafin da sauran ba sa jurewa, shi ne zai fito fili.

Rubutun halitta. A cikin kowace ƙwaya akwai wani abu da ake kira DNA, kowane iri da nasa tsari, kamar tsagar fuska da take nuna asalin mutum. Yanzu akan tace ruwa a karanta wannan tsari ba tare da an shuka kome ba. Ta haka aka gane cewa tafkuna suna da nasu irin bakteriya na musamman, da yawansu kuwa ba a taɓa ganinsu a faranti ba.

Duk wannan aikin ɗakin gwaji ne. Amma akwai abin da za mu iya yi da hannunmu.

4. AWON RUWAN KIFI

A 1865 wani Fada na cocin Katolika a Italiya, Angelo Secchi, masanin taurari, ya saukar da farin faranti cikin teku domin ya ga zurfin da zai ɓace. Har yau masana tafki suna aiki da wannan dabara, suna ce da ita farantin Sekki. Kowace ƙungiya za ta iya yin nata.

A sami murfin kwano ko na bokiti mai faɗin santimita 20. A raba shi huɗu, a shafa farin fenti da baƙi bi da bi. A huda tsakiya a sa igiya, a ɗaura dutse a ƙasa. A yi ƙulli a igiyar kowane santimita 10. Tsakanin hantsi da azahar, a juya wa rana baya, a sauke shi a hankali har ya ɓace, a lura da zurfin.

In ya ɓace tsakanin santimita 30 da 45 a cikin koren ruwa, abincin kifi ya yi daidai.

In ana ganinsa har bayan santimita 60, ruwan ya yi fari da yawa, kifi zai ji yunwa. A ƙara taki kaɗan.

In ya ɓace kafin santimita 20, kore ya yi yawa. A tsai da taki, a rage abinci, a ƙara sabon ruwa.

Wanda ba shi da faranti ya tsoma hannu har gwiwar hannu, wato kamu ɗaya. In tafin hannu yana fitowa sarai, abinci ya yi kaɗan. In ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu da nisa ba, ya yi yawa. Mu lura, jan ruwan damina mai laka shi ma yana ɓoye faranti, amma laka ba abinci ba ce. Launi ne zai bambanta mana.

Me ya sa yawan kore yake da haɗari? Da rana gansakuka tana fitar da iskar da kifi yake shaƙa. Da dare kuwa ita da bakteriya da kifi duka suna shan iskar nan, babu mai ƙarawa. Wajen asuba ne take ƙarewa. In kun ga kifi sun taso sama da sassafe suna buɗe baki, alamar ke nan. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, ta fi jurewa, amma karfasa takan mutu da yawa a dare ɗaya.

5. KOREN DA YAKE KISA

Akwai wani kore wanda kamannin gansakuka yake da shi, amma bakteriya ne. Yana son ruwa mai ɗumi, marar motsi, mai taki da yawa. Da bazara, sa'ad da dam ya janye, zafi ya tsananta, kamfa da yuriya da suka gangaro daga fadamu suka taru a ɗan ruwan da ya rage, lokacinsa ke nan. Yakan taso ya kwanta a sama kamar an zubar da koren fenti, iska ta tura shi bakin gaɓa, daidai inda dabbobi suke sha.

Ba dukansu suke da dafi ba. A yankin Tafkin Chadi matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani iri, su shanya shi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. Amma waɗansu irin suna fitar da dafi mai lalata hanta, waɗansu kuma mai taɓa jijiya. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawakai da karnuka da suka mutu bayan sun sha irin wannan ruwa a wani tafki a Ostireliya. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ce wannan dafi ne sanadi. Tafasa ruwa ba ta kashe dafin nan.

Ga gwaji biyu masu sauƙi. A tsoma sanda cikin koren a ɗaga. In ta fito da zare-zare kamar gashi, gansakuka ce ta yau da kullum. In ta fito kamar an tsoma ta a fenti, a yi hattara. Na biyu, a cika kwalba a ajiye a wuri mai sanyi ta kwana, kada a girgiza. In koren ya kwanta a ƙasa, da sauƙi. In ya taru a wuyan kwalba, mai yiwuwa irin mai dafin ne. Gwajin nan gargaɗi ne kawai, ba ya nuna ko akwai dafi ko babu. In an ga alama, a hana yara wanka, a kai dabbobi wani mashaya, a sanar da malamin dabbobi da malamin tsabta.

6. AWON RUWAN SHA

Yanzu mu koma kan kwalbar nan ta rijiya. Ƙwayoyin kwalara da taifod da atuni daga bayan gida suke shiga ruwa, ba sa kuwa canja masa launi. A 1971 kwalara ta kashe mutum kusan 3,000 a Nijeriya. A 2021 an sami fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Neman kowace cuta ɗaya-ɗaya yana da wuya, yana da tsada. Saboda haka masana sukan nemi sawu. Akwai wata ƙwaya mai suna E. coli wadda take zaune a hanjin mutum da na dabba, miliyoyi a ɗan kashi kaɗan. In an same ta a ruwa, kashi ya shiga ke nan, hanyar da ta bi kuwa kwalara ma za ta iya bi. Manomi bai ga ɓarawon akuya ba, amma ya ga sawu a bakin danga.

A ɗakin gwaji akan tace mililita 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, a ɗora matatar a kan abinci na musamman, a ajiye a zafin digiri 44 har kwana ɗaya, a ƙirga tabo. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha.

In ƙungiya tana so a gwada mata ruwa, a fara tambaya a ofishin malamin tsabta na ƙaramar hukuma, ko Hukumar Ruwa ta Jihar Kano, ko sashen nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Bayero, a ji kuɗin gwaji, a karɓo kwalbarsu. Ga yadda ake ɗiba:

(a) Kada a ɗauraye kwalbar, kada yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfi.
(b) A dam, a kifa bakin kwalba ƙasa, a nutsar da ita wajen santimita 20 zuwa 30, sa'an nan a juya ta ta cika. Kada a ɗebi na sama ko na laka.
(c) A bar ɗan wuri a wuyanta, a rufe, a rubuta wuri da rana da lokaci.
(d) A sa a kula da ƙanƙara, a kai cikin awa 6. Daga nan zuwa Kano ta hanyar Gwarzo wannan ba wuya.

Akwai kuma wani gwaji mai araha da masana a Indiya suka fito da shi a 1982. 'Yar kwalba ce mai takarda jiƙe da magani. A zuba ruwa a rufe, a ajiye a ɗaki kwana ɗaya zuwa biyu. In ya yi baƙi, ana zargin ƙazanta. Shi ma gargaɗi ne, amma yakan buɗe wa mutane ido a wurin taro fiye da dogon bayani.

7. ƘUMAR RUWA DA TSOHON ZANE

Manyanmu suna tuna kurkunu, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. A binciken 1988 zuwa 1989 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu shi a Nijeriya. A cikin ƙumar ruwa 'ya'yansa suke ɓuya. Tace ruwa da ƙyalle yana cikin abubuwan da suka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa babu shi a ƙasarmu.

Ƙwayar kwalara ma takan manne a jikin irin waɗannan 'yan shawagi. Wata masaniya 'yar Amurka, Rita Colwell, da abokan aikinta sun koya wa matan ƙauyuka a Bangaladesh su ninka tsohon zanen auduga aƙalla sau huɗu su tace ruwa. Sakamakon da suka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu kusan rabi a ƙauyukan da suka yi haka. Tsohon zane ya fi sabo, gama zarensa ya yi laushi ya toshe ramuka. Bayan tacewa a wanke shi a shanya a rana.

Amma rabi ba duka ba ne. Zane yana tare ƙumar ruwa, bakteriyar da ke yawo ita kaɗai takan wuce. Haka nan alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma ba su isa su tabbatar da ruwan sha ba. Bayan tacewa a tafasa shi sosai har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin bisa ga awon da aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. A ajiye a randa mai murfi, da moɗa ɗaya mai tsabta wadda ba a ajiye ta a ƙasa.

AIKIN ƘUNGIYA

1. A yi farantin Sekki guda. A zaɓi mutum biyu su riƙa awo ran kasuwa kowane mako, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. A rubuta zurfi da launi da wari a littafin ƙungiya. Bayan shekara za mu san watan da ruwanmu yake juyawa.
2. A bar ciyawa a bakin dam, kada a yi huɗa har cikin ruwa. Kada a zuba takin zamani sa'ad da hadari ya haɗu.
3. A raba wurin shan dabbobi da wurin ɗiban ruwan gida. Salga ta yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30, ta kuma kasance ta gangare.
4. A tara kuɗi a gwada ruwan rijiyar da aka fi sha sau biyu a shekara, da rani da kuma bayan ruwan fari.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Gidaje nawa a cikinmu suke shan ruwan dam ko na kududdufi da bazara? Me ya sa?
2. Wa ya taɓa ganin kifi sun taso da asuba, ko kore kamar fenti a bakin gaɓa? A wane wata?
3. Daga ina ƙazanta za ta iya shiga rijiyarmu? A je a duba tare, mata da maza, gama mata ne suka fi sanin rijiya.
4. In an sāke ajiye mana kwalabe biyun nan a kan benci, me za mu amsa?

Ku aiko mana da awon da kuka samu ta hannun sakataren ƙungiya, domin mu haɗa na ƙauyuka dabam-dabam mu kwatanta. Sai mun ji daga gare ku.